Ɗorawa Uku a Gonar Nata'ala

Zubaida ta je duba ko ɗorawarta ta fara nuna ne, sai ta tarar da wani ƙato yana rungumar itacen. Ya buɗe hannu biyu, ya manna ƙirji a jikin babbar ɗorawar, yana gwada ko yatsunsa za su haɗu ta baya. Ba su haɗu ba, kuma abin ya yi masa daɗi, don har murmushi yake yi shi kaɗai. Ta san shi, kowa a Tarai ya san shi. Munzali ne mai injin yankan itace, wanda in ya auna bishiya da ƙirjinsa, to kwananta ya ƙare.

"Sannu da aiki," in ji ta. "Lafiya kake rungumar mini itace?"

"Naki kuma, Inna?" Ya sake shi yana karkaɗe riga. "Ai Alhaji Nata'ala ne ya sayar mini, su ukun. Ina gama aikin da nake yi a Unguwar Gai nan zan dawo."

Ta ɗaga kai ta dubi 'ya'yan ɗorawar suna reto, kore shar, ko alamar nuna ba su fara ba. Ta juya gida da sauri, ta manta ma da ƙwaryar da ta zo da ita.

Gonar tun asali ta mahaifinta ce, marigayi Malam Ramalan. Da ƙarfi ya ƙare masa ya sayar wa mahaifin Nata'ala, amma ƙasa kawai ya sayar. A wajenmu wannan ba baƙon abu ba ne. Ƙasa daban, itace daban. Mutum na iya noma gona har ya tsufa, ɗorawar da ke tsakiyarta ta wani ce, shi nasa shan inuwa. Da aka zo rabon gadon Malam Ramalan, maza suka ɗauki gida da dabbobi, ɗorawa uku suka faɗo a kason Zubaida. Daga cikinsu take samun kalwar da take daddawa, daddawar da har daga Kibiya ake aiko saye. Da ita ta yi wa 'yarta Sadiya kayan ɗaki, da ita take fita kunyar biki da suna ba tare da ta miƙa wa kowa hannu ba.

Abin da ya rikita lissafi shi ne aure. Zubaida ta auri Habu, ɗan ƙanin mai gonar, wanda a gidan ya tashi kuma shi ke nomanta. Miji na noma ƙasa, mata na kaɗe itace, sai gari ya manta cewa abu biyu ne. Ana nan Nata'ala ya dawo daga Kano, inda ya ƙare ƙuruciyarsa a kasuwanci, ya ce a ba shi gonar ubansa. Habu ya ce ai tsohon ya ba shi kyauta. Aka je kotu a Kibiya, Habu ya rasa shaidu, ya faɗi. Ya ɗaukaka ƙara zuwa Rano, ya sake faɗuwa. Duk tsawon wannan ja-in-ja abu ɗaya yake gaya wa Zubaida: ki zauna, maganar maza ce.

Ta same shi a zaure yana tufka igiya, aikin da ya koma yi tun da gona ta tafi.

"Malam, me ka gaya wa alƙali a kan itatuwana?"

Habu bai ɗago ba. Ya ci gaba da murza kaba a cinya.

"Da kai nake. Munzali na can yana auna su."

"Wannan magana ai ta wuce, Zubaida."

"A wurinka ta wuce. Me ka ce?"

Habu ba mugu ba ne, kowa zai gaya maka haka. Ciwonsa ɗaya, ya fi tsoron dariyar majalisa da kowace irin asara. Ya daɗe yana juya igiyar kafin maganar ta fito, a hankali, yana kallon ƙasa.

"Alƙali ne ya tambaye ni, gonar da abin da ke cikinta duk naka ne? Kotu cike da mutane, har da surukan Sadiya. Sai in ce a'a, itacen na matata ne? Na ce duk nawa ne."

"Sai aka rubuta."

"Sai aka rubuta."

"Da ka faɗi, sai ka faɗi da nawa."

Haushi da tausayi suka zo wa Zubaida a haɗe, ta rasa wanda za ta fara haɗiyewa. Ta shige ciki ta ɗora tukunya, ta sauke, ta sake ɗorawa, ba ta ma hura wutar ba.

Daga ranar zama ya gagare ta. In iska ta juyo daga Unguwar Gai sai ta kawo kukan injin, can ƙasa-ƙasa, ya yi shiru, ya sake tashi. Tana tsakiyar tankaɗe sai ta tsaya ta kasa kunne. Zafin bazara ya hana kowa sakat, ita kuma ga nata a kai. Matan da suka zo sayen daddawa kowace da fatawarta, kuma duk fatawar ɗaya ce: an yanke hukunci an gama, miji da mata ai abu ɗaya ne, wanda ya kayar da mijinki ke ma ya kayar da ke. Wata ma cewa ta yi, "Ki yi haƙuri, ki riƙa sayen kalwa a kasuwa kamar kowa." Zubaida ta auna mata daddawarta, ba ta yi mata gyara ba.

Ta je wurin Nata'ala da kanta. Ya karɓe ta da mutunci, ya sa aka kawo mata ruwa, sannan ya yi mata bayani irin na wanda ya riga ya gama shawara.

"Matar ƙanena, ba ni da rigima da ke. Amma inuwar nan ta cinye mini kusan rabin gona. Masara zan zuba bana, motar noma zan sa, saiwoyin nan ba za su bar ta ta wuce ba. Kotu biyu suka ba ni gona da abin da ke cikinta. Bakin mijinki ne ya ce duk nasa ne, ba nawa ba."

"Alhaji, ka san Baba bai sayar da itace ba."

"Ina Kano lokacin. Abin da na sani shi ne abin da alƙali ya faɗa."

"To ka bari su nuna in kaɗe na bana."

"Na riga na sayar. Sai ki roƙi Munzali."

Washegari da sassafe ta hau babur zuwa Kibiya, daga nan ta shiga mota zuwa Rano, wurin yayanta Malam Uzairu, wanda ke koyar da karatu a can. A motar ma ta kasa zama daidai, sai gyara mayafi take yi, tana ganin direban kamar da gangan yake tsayawa ɗaukar kowa. Duk ɗorawar da suka wuce a bakin hanya sai ta bi ta da ido.

Malam Uzairu mutum ne mai sanyin magana, irin sanyin da ke ƙara wa mai sauri ciwon kai. Sai da ya tambayi Habu, ya tambayi Sadiya da jaririnta, ya tambayi zafi, sannan ya bar ta ta faɗi abin da ya kawo ta. Ya saurara yana jan carbi.

"An kira ki a waccan shari'ar?"

"Ba a kira ni ba, Yaya."

"Kin ce wa Habu ya je ya tsaya miki a kan itacen?"

"Ni ban ma san an yi maganar itace ba."

"To." Ya ajiye carbin. "Abin da na karanta, aure ba ya haɗe dukiya. Abin mace nata ne, miji ba shi da ikon ya sayar ko ya kyautar, balle ya faɗi da shi a kotu. Amma ni ba alƙali ba ne. Za su ce kin san ana shari'a kika yi shiru, kuma wannan magana ce mai nauyi. Ki kai ƙararki da sunanki. In an yarda a saurare ki, ina nan, akwai kuma waɗanda suka zauna rabon gadon Baba, ba duka suka rasu ba."

"In ba a yarda ba fa?"

"Sai mu yi haƙuri."

"Kowa haƙuri," in ji Zubaida, ta miƙe. Ko abincin da matar yayan nata ta zubo ba ta tsaya ci ba.

A Kibiya ta shigar da ƙara. Tunda take ba ta taɓa taka harabar kotu ba, amma ta faɗi sunanta da na ubanta ba tare da muryarta ta karye ba. Aka kai wa Nata'ala sammaci, aka sa rana. Kwanakin jira suka yi mata tsawo. Kullum da safe sai ta je ta dubo itatuwan, da yamma ta sake komawa, kamar mai jinyar mara lafiya. Kukan injin kuwa kullum ƙara matsowa yake.

Ranar zaman, Malam Uzairu ya iso Tarai da hantsi don ya raka ta. Suka tarar Habu ya riga ya shirya. Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya kafa hula, har da turare.

"Ina zuwa haka, Malam Habu?" in ji Uzairu.

"Kotu. Zan gaya wa alƙali gaskiya, itacen nata ne. Ko za a yi dariya a yi."

Zubaida ta dube shi. Ta san irin wuyar da ya sha kafin wannan magana ta fito, kuma zuciyarta ta ɗan yi sanyi. Amma Uzairu ya girgiza kai.

"Allah ya saka da alheri. Sai dai ba a karɓar shaidar miji a kan abin da zai amfani matarsa. Kuma kai ne ka ce naka ne a baya. In ka tashi yau ka ce nata ne, sai a ce kun haɗa baki ne don ku dawo da gona ta bayan gida. Zamanka a gida ya fi mata amfani."

Habu ya tsaya tsuru da rigarsa. Lokacin da ba a nemi ya yi magana a madadinta ba ya yi, aka rubuta. Yau da yake son ya yi, an ce bakinsa ba shi da amfani. Ya cire hular ya riƙe a hannu. Har baburansu suka sha kwana yana nan tsaye a ƙofar zaure.

Kotun cike take, ga zafi, fanka kuma ba wuta. Aka yi shari'ar akuyar da ta ci yabanya tun bara, aka yi ta wasu masu rigimar katanga. Zubaida na zaune a bencin mata tana murza bakin mayafi, tana tashi tana leƙa taga tana komawa, har wata tsohuwa ta ce mata, "Yarinya, ki zauna mana, kin hana mu iska." Sai wajen azahar aka kira su.

Nata'ala ne ya fara, kuma ya iya magana.

"Allah ya gafarta Malam, wannan shari'a an yi ta an gama. An yi a nan, an yi a Rano. Mijinta ya faɗi. Yau matar ta zo, gobe 'yar za ta zo, jibi jika. Yaushe mutum zai huta ya yi noma? Gida ɗaya suke, tukunya ɗaya. Tana sane da komai."

Alƙalin dattijo ne mai ƙaramar murya. Ya juya wajen Zubaida.

"Kin san ana waccan shari'ar?"

Nan ne Yaya ya ce da nauyi. Ta ji ƙarya ta zo mata har bakin harshe, mai sauƙi, ta haɗiye ta.

"Na sani, Allah ya gafarta Malam. Ni nake dafa wa masu raka shi abinci."

Aka ɗan yi guna-guni. Nata'ala ya buɗe hannu yana duban jama'a.

"To me ya hana ki magana?"

"An ce mini shari'ar gona ake yi. Ni kuwa ba ni da gona. Ko a lokacin da mijina ke nomanta, ban taɓa cewa taku ɗaya na ƙasar nan nawa ne ba. Itace ne nawa, ubana ya bar mini. Ban san an sa su a baki ba sai da na ga mai inji yana auna su."

"Kin wakilta mijinki ya yi magana a kansu?"

"Ban wakilta shi ba. Cewa ya yi in zauna, na zauna."

Alƙali ya tambayi Nata'ala ko an taɓa kiran matar a zaman farko, ko an ambaci sunanta. Nata'ala ya ce ba a yi ba. Alƙali ya tambaye shi wa ke kaɗe ɗorawar duk shekara tun da ya dawo garin. Nata'ala ya ce ita ce, amma shi ya ɗauka aikin gidan mijinta take yi.

Alƙali ya yi rubutu mai tsawo.

"Hukuncin da aka yi," in ji shi, "a kan Habu aka yi shi, kuma yana nan daram. Gona ta Alhaji Nata'ala ce, ba mai sake tayar da wannan. Amma ba a yi wa mutum hukunci a kan abinsa ba a kira shi ba, ba a ji ta bakinsa ba. Miji ba ya zama wakilin matarsa don kawai ya aure ta. Abin da Habu ya faɗa ya hau kansa shi kaɗai. Ban ce itacen nata ne ba, wannan sai ta kawo shaidu. Na ce dai za a saurare ta. Kafin nan kada wanda ya taɓa ko reshe ɗaya."

Zubaida ta sauke numfashi. Daɗi ya kama ta har idonta ya kawo ruwa. Sai ta lura Nata'ala na shafa aljihu, fuskarsa ta canza.

"Allah ya gafarta Malam," ya ce, "Munzali ya ce mini jiya ya gama da Unguwar Gai. Ban sani ba ko yau ne zai shiga."

"Kira shi yanzu, a gabana."

Ya kira. Wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Ya sake kira, haka. Kowa a ɗakin ya san dalili, ba mai jin waya in inji na kuka a hannunsa.

Alƙali ya haɗa su da masinjan kotu. Zubaida ba ta san lokacin da ta fita ta haye bayan babur ba, ta bar Malam Uzairu yana neman takalminsa. "Yi sauri, ɗan nan," take ta faɗa wa mai babur, shi kuma yana kauce wa ramuka yana cewa, "Inna, in muka faɗi ai ba mu isa ba." Hanyar Tarai da ta sani tun tana yarinya ta ƙi ƙarewa. Tana ta kasa kunne ko za ta ji injin ta cikin ƙarar babur. Da suka kusa, ba ta ji komai ba, kuma shirun ya fi kukan tayar mata da hankali.

Tun daga nesa ta ga sararin. Inda kan babbar ɗorawar yake tare sama, yanzu rana ce fetal.

Tana kwance ta cika rabin gonar, rassanta sun kakkarye, ganyen ko yaushi bai fara ba. Warin ɗanyen itace da man inji ya cika wurin. Mutane sun taru, maza da yawa, har da 'yan majalisar ƙofar masallaci da surukan Sadiya. Munzali na tsaye da injinsa a kashe, yana share gumi, ransa a ɓace.

A gindin ta biyun kuwa Habu ne zaune a ƙasa, ya jingina baya da itacen, ya miƙe ƙafafu. Babbar rigar Juma'ar ta yi butu-butu da garin katako, hular ba a san inda ta faɗi ba. Muryarsa ta dushe, da alama ya daɗe yana maimaita magana ɗaya.

"Na matata ne. Ni ba ni da ko ganye a nan, ban taɓa samu ba. Ƙarya na yi a kotu don kada ku yi mini dariya. To ku yi. In za ka yanka, ka fara ta kaina."

Ba wanda ya yi dariya. Masinja ya isa ya faɗa wa Munzali umarnin alƙali, Munzali ya saɓa injinsa yana ƙunƙuni a kan man da ya ƙona.

Zubaida ba ta bi ta kansu ba. Ta taka a hankali zuwa kan itacen da ya faɗi. Duk shekarun nan da doguwar gora take kaɗo 'ya'yan, tana ɗaga kai har wuyanta ya ƙage, na can ƙololuwa kuwa sai dai ta bar wa tsuntsaye. Yau ga su a daidai gwiwarta, tuli-tuli, ba ta taɓa sanin yawansu ya kai haka ba. Ta tsinki ɗaya ta ɓare da farce. Cikin fari ne, ɗanye, kalwar ba ta yi ƙwari ba. Ba abin da za a yi da su.

Habu ya taso ya tsaya a bayanta, yana tsoron matsowa.

"Da na ji injin na taho da gudu," ya ce. "Kafin in iso ya riga ya ci rabinta. Me alƙali ya ce?"

"Ya ce faɗuwarka ba tawa ba ce. Za a saurare ni."

"Alhamdu lillahi. To ga biyu sun tsira, Zubaida."

Ta juyo ta dube shi, da ƙurar katako har a gemu. Ta sa hannu ta kakkaɓe masa kafaɗar riga, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba. Ɗanyen ɗan ɗorawar na nan a ɗaya hannun, ta kasa yar da shi.

"Na gani, Malam," ta ce. "Uku Baba ya bar mini."